Malfono Danho, Kwastan Maƙogwaro

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah Ya ara wa garin Södertälje na ƙasar Suwidin, sai a fara da Malfono Danho, a huta, a sha ruwa, sannan a duba ko akwai na biyu. Shi da kansa ya sha dubawa, bai samu ba.

Malfono a harshenmu na Surayt malami ke nan. Ba wanda ya tuna ranar da aka ba Danho wannan suna, domin ba a ba shi ba. Wata Lahadi ce kawai ya shigo coci da shi, kamar yadda mutum kan shigo da sabuwar hula, ba kuma wanda ya ga fuskar tambayarsa inda ya samo. Kafin ranar, Danho ne ziryan, mai ɗaure ƙusoshin taya a masana'antar manyan motoci, ni Shabo ina gefensa ina miƙa masa. Ƙauyenmu ɗaya a duwatsun Turabdin. Tare muka bar Turkiyya muna samari, tare muka yi furfura a Suwidin. Bara ya riga ni tafiya. Har yau in na dafa shayi, sai in ga na ɗauko kofi biyu.

Da muka baro ƙauye, kowa ya ɗauko abin da yake ganin ba za a samu a Turai ba. Wani ya ɗauko turmin matarsa, wani reshen inabi a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, wani ƙasar kabarin ubansa a ƙullin hankici. Danho ya fi mu hangen nesa. Maƙogwaronsa ya ɗauko.

Akwai sauti biyu a harshenmu da ba a baki ake yin su ba, daga can ƙasan maƙogwaro ake tono su: ainun, da ha ɗin nan mai kauri. Mu da Larabawa daga kaka ɗaya muka gaje su. A ƙauye ba wanda ya ɗauke su wani abu. Da su ake kiran akuya, da su ake zagin maƙwabci. Sai da aka haifi 'ya'yanmu a nan, suka tashi da harshen Suwidin wanda da leɓe da bakin haƙori ake yinsa, sannan muka ji sautukan nan sun fara narkewa a bakinsu kamar sukari a shayi. Kowa ya lura, kowa ya ɗaga kafaɗa. Danho kaɗai ya gane cewa tashin duniya ne ya zo, kuma Allah Ya ajiye shi a wannan gari mai sanyi ne don ya tare.

Ya naɗa kansa mai gadi. Matasa suka sa masa Kwastan Maƙogwaro, domin ba kalmar da za ta gifta ta gabansa bai tsayar da ita ya sa an kwance kayanta ba. Sunan ya zo kunnensa. Ya juya shi, ya ga akwai kaki da hula a ciki, ya karɓa.

A cocinmu mawaƙa kashi biyu suke tsayawa, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane kashi ya kewaye teburin littafinsa cikin fararen riguna. Dama ta ɗauki baiti, hagu ta amsa. Haka ake sujadar Lahadi, haka ake raka mamaci. Da tsohon shugaban mawaƙa ya kurumce, Danho ya hau kujerar kafin a gama shawarar wanda za a ba. Ranar ya ɗora hannu a kan littafi, ya yi alkawari a gaban jama'a:

"Ni Malfono Danho ɗan Gawriye, jikan mutanen da suka yi hira da harshen da Almasihu ya yi hira da shi, ba za a raka ni kabari da maƙogwaron Suwidin ba. Duk wanda zai buɗe baki a kan gawata, sai in sautinsa daga inda na kakanninmu ya fito yake fitowa. Ba zan tsaya gaban Ubangiji da rakiyar masu magana da leɓe ba. Ku shaida."

Muka shaida, har da tafi. Lokacin lafiyarsa ƙalau, tumbinsa na gaba shi yana biye. Ba wanda ya kawo cewa wata rana maganar za ta zo ta nemi mai ita.

Majalisarsa tana gidan ƙungiyarmu, a teburin da ya fi kusa da tukunyar shayi. Mu muna karta muna ɓare 'ya'yan kankana, shi yana tarihi. Ya taɓa aro 'yan littattafai a ɗakin karatu na gari, ya kuma riƙe abin da ke ciki fiye da yadda masu rubutawar suka riƙe.

"Ku dubi danginmu a duniya, ku yi kuka," in ji shi. "Mutanen Akkad, masu daula tun duniya na ɗanya, suka zauna da Sumeriyawa, suka ci abincinsu, suka auri 'ya'yansu. Ina ainun ɗinsu? Ta tafi. Ina daular? Ta bi ta. Amhara na Habasha suka cuɗanya da maƙwabta, maƙogwaronsu ya bushe. Mutanen Malta suka jingina da Italiya, yau suna rubuta harafin a takarda, in sun zo kansa su tsallake kamar mai tsallake kwata. Harshe ba ya mutuwa da ciwo, 'yan'uwa. Maƙwabci ne ajalinsa. Yau ya ara maka gishiri, gobe ka tashi ka ji muryarsa a bakin ɗanka. Wuya ɗaya ne ya rage a duniya da maƙwabci bai shiga ba."

Sai ya shafa wuyan don kada mu wahala wajen nema, ya ɗaga kofi ya ce a ƙaro masa cay, wato shayi.

Odisho ne kaɗai ke tanka masa. Shi mutumin Urmiya ne ta ƙasar Iran, harshensu ɗan'uwan namu ne, sai dai su ainun ɗinsu ta daɗe da sulalewa. Danho ba ya kiransa da suna, sai dai Marayan Ainun.

"Ranka ya daɗe Kwastan," in ji Odisho, yana raba karta, "mu dai mun yarda, zama da Kurdawa da Farisawa ya cinye mana namu. Amma wannan 'ca' da ka fara cay da ita, a wane kabarin kakanninka ka tono ta? Ko ba daga bakin Turkawa da Kurdawa ta shigo muku ba?"

Wani da an kama shi haka sai ya sha shayinsa shiru. Malfono ko ƙiftawa bai yi ba.

"Baƙuwa ce, na sauke ta a ɗakin baƙi. Baki ɗakin baƙi ne, Maraya, kowa ya zo ya kwana. Maƙogwaro shi ne ƙuryar gida. Ku ƙuryar kuka ba da haya."

Odisho ya ce ya sallama. Kullum yana sallamawa, kullum kuma shi ke cinye kartar.

Babban aikin Kwastan shi ne gwajin mawaƙa. Ba na'ura, ba takarda. Yatsu biyu ne, manuniya da na tsakiya, zai ɗora a wuyanka ya ce ka faɗi kalmar ido, wadda a harshenmu da ainun take farawa. In ya ji wurin ya motsa kamar kifi a ƙarƙashin ruwa, ka ci. In bai ji ba, ka cire farar riga. Injiniyoyi, direbobin tasi, masu gidajen abinci, maza masu gemu da 'ya'ya, haka suke jeruwa bayan sujada suna miƙa wuya kamar kaji ranar idi.

Ni tun farko ya sallame ni, kuma da girmamawa. Ya ce maƙogwarona na asali ne, ba shi da aibi ko kaɗan, muryar ce ta jaki.

Ya kuma kawo magunguna. Ya hana mawaƙa shan nonon Suwidin mai sanyi, wai yana sanyaya wuya. Ya hana burodin kirfa, wai zaƙi yana jawo magana gaba zuwa leɓe. Ya wajabta gahawa mai ɗaci da barkono da safe. Matarsa Nisane ta ji wannan doka tana murza kutle, curin alkama da nama irin na gida, a kicin, ta ce, "Baban Ninos, ba kai ne jiya ka share farantin burodin kirfa a gidan maƙwabta ba?"

"Bincike nake yi," in ji shi. "Likita ma sai ya taɓa cuta yake sanin ta."

Ninos shi ne ɗansu tilo, likitan haƙori, kuma ba a taɓa yin murya irin tasa a cocinmu ba. In ya ɗauki baiti, mata a baya sukan daina gulma, wanda ko bishop bai taɓa samun haka ba. Danho ya daɗe yana kauce wa gwada shi. Sai wata Lahadi Odisho ya tambaya, a gaban mutane, ko yatsun Kwastan suna hutu ne in an zo kan 'yan gida. Shi ke nan.

"Matso," in ji Danho.

Ninos ya matso, ya faɗi kalmar.

"Sake."

"Baba, ai na faɗa."

"Ka faɗa da leɓe. Nan wurin shiru, kamar ofishin gwamnati a watan Yuli da kowa ya tafi hutu. Ba laifinka ba ne. Mutumin da ke yini yana leƙa bakin 'yan Suwidin dole ya kwaso wani abu."

"Baba, tun ina yaro nake tsayawa a nan."

"To ƙafafunka sun gaji. Je ka huta."

Ninos ya cire rigar, ya ninke ta, ya sumbaci hannun ubansa kamar yadda ake yi, ya koma bencin baya. Daga ranar kowace Lahadi yana can, leɓensa na bin waƙar ba sauti. Danho kuwa ya yi mako yana ba da labarin a majalisa. Ya ce Annabi Ibrahim ma bai yi wa ɗansa sassauci ba. Bai kai ga wurin da aka riƙe hannun Ibrahim ba, watakila littafin da ya aro a nan ya tsaya.

Tsarki ya yi ta ƙaruwa, mawaƙa suka yi ta raguwa. Waɗanda suka ci gwajin duk tsofaffi ne irinmu da aka haifa a ƙauye. Wani ya koma Jamus wurin 'yarsa. Wani ya sa haƙoran roba, sautinsa ya koma fito. Wasu Allah Ya kira su, Danho ya raka su da waƙa, ya dawo yana yaba ingancin jana'izar. Daga ƙarshe ya rage shi a dama, tsoho Murad a hagu, wanda yakan yi barci a tsaye sai an taɓa shi ya amsa baitin da aka wuce. Da Murad ya bi sahu, Danho ya tsaya shi kaɗai, yana ɗauka yana amsa wa kansa. Ya ce bai taɓa jin daɗin abokin waƙa kamar wannan ba.

Abuna Yawsef, limamin cocinmu, mutum ne mai haƙuri kamar dutse. Ya sami Danho a hankali.

"Malfono, Allah yana jin addu'ar bebe ma."

"Yana ji, Abuna," in ji Danho. "Amma ba Ya jin daɗi."

Sai zuciya ta fara ba shi matsala. Tumbin nan da ke shiga ɗaki kafin shi ya janye, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likita ya yi magana da Nisane a gefe, Nisane ta daina yi wa Danho gardama, da haka ya gane lokaci ya kusa. Mu ma duk mun gane, kuma duk tambaya ɗaya ke ranmu, ba mai iya furtawa: Kwastan ya kori kowa, to wa zai raka Kwastan?

Ina gidan wata rana da la'asar, ina ɓare masa lemo, Ninos ya shigo. Ya durƙusa gaban kujerar.

"Baba, ni da mutanen da ka sallama mun daɗe muna gwaji a gidana. Har gahawar muna sha. Ka duba ni."

Bai jira amsa ba. Ya kama yatsun nan biyu, waɗanda suka rame kamar tsinke, ya ɗora a wuyansa, ya faɗi kalmar. Yatsun suka daɗe a wurin. Na ga sun zame sun hau kumatun Ninos, sun tsaya can, kamar sun manta aikinsu. Idon abokina ya cika. Na ce a raina yau dai an gama.

"An samu ci gaba," in ji Malfono. "Ya isa baiko, watakila har baftisma. Bai kai jana'iza ba. Ka dawo nan da shekara goma."

"Baba, likita ya ce..."

"Likitan da ko sunana bai iya faɗa ba? Dano yake ce mini. Mutumin da ya kasa ha ɗaya, shi zai san ranar mutuwata?"

Ninos ya fita. Na ji ya daɗe a bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi. Na ce, "Kai tsoho, ka ji tsoron Allah. Wa kake so ya yi maka waƙar, ni?"

"Allah Ya kiyaye," in ji shi. Ya ci lemo ɗaya, ya dubi silin. "Shabo, a garin nan mutum nawa ne suka cancanta su raka ni?"

"Kai kaɗai ka rage."

"To ka gani."

Haka aka haifi babbar dabarar da ba bishop ko waliyyin da ya taɓa tunaninta. Malfono Danho zai yi waƙar jana'izar Malfono Danho. Za a ɗauki muryarsa a waya, ranar a kunna. Abuna Yawsef ya duba littattafai, ya ce ba inda aka hana, domin waɗanda suka rubuta su ba su san za a yi Danho ba. Shi Abuna zai yi addu'o'in liman, na'ura ta yi na mawaƙa.

Sai neman wurin ɗauka. Coci ba ta yi masa ba, wai an shimfiɗa darduma ta shanye amo. Ya zaga ya zaga, ya gano cewa a duk Södertälje wuri ɗaya ne murya ke dawowa kamar a cocin dutse ta ƙauyenmu: ɗakin wanki na ƙasan benensu. Ya kama lokacin wanki a jadawalin benen kamar kowane ɗan haya, muka sauka, shi da farar riga da littafi, ni da waya da kujera.

Ya mai da injin wanki dama, injin busarwa hagu. Zai tsaya a dama ya ɗauki baiti, ya ja ƙafa zuwa hagu ya amsa, ya tsaya ya yaba amsar da kai, ya komo. Na ce ya zauna wuri ɗaya mana, waya ba ta gani. Ya ce waya ba ta gani, sama tana gani. Da numfashi ya fara gaza masa, sai ya zauna a kujerar, ni ina turawa daga inji zuwa inji. Bai yi nauyi ba. Wannan ne abin da ya fi damuna, bai yi nauyi ba ko kaɗan.

Muka zarce lokacinmu. Wata tsohuwa 'yar Suwidin mai suna Gunilla, wadda lokacin nata ne, ta zo da kwandon kaya ta tsaya a bakin ƙofa. Mutanen ƙasar nan za su yafe maka kusan komai ban da cin lokacin wanki, amma ba za su faɗa maka a fuska ba. Ta tsaya ƙiƙam, bakinta a ɗinke, fuskarta ta yi ja.

"Dube ta, Shabo," in ji Malfono a hankali. "Ko kalma ɗaya ba ta ji, amma ta kasa motsi. Haka sautin gaskiya yake yi wa mutum."

Ya ƙara mata baiti biyu kyauta.

Ya rasu wata safiya a kujerarsa, bayan karin kumallo, yana gyara wa mai karanta labarai a tashar talabijin ta mutanenmu. Nisane ta ce ya ɗaga yatsa ya ce "sake", yatsan ya sauko, shi ke nan. Na je na same shi kamar mai barci, fuskarsa da sauran rashin gamsuwa. Na zauna kusa da shi na yi ta magana, ba wanda ya gyara mini ko kalma ɗaya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Aka ɗauko yayarsa Hazme daga ƙauye. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu, kuma ba ta taɓa barin duwatsun ba sai wannan karon. Shi ma tun da ya fito bai koma ba. Yakan ce ba zai taka ƙauyen da aka sauya wa suna zuwa Turkanci ba, ni kuwa na san jirgin sama yake tsoro. A waya suke gaisawa, mu kuma in muna waya da gida ihu muke yi, ba magana ba. Rabon da ta ji waƙarsa tun yana saurayi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin gyale, idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa garau. Abu ɗaya ne ba ta iya ba, raɗa. Matan ƙauyenmu daga wannan tudu zuwa wancan suke hira.

Coci ta cika har waje. Akwatin na gaba, turare na tashi. A kan teburin littafi na dama aka ɗora lasifika, aka lulluɓa mata farar rigar mamaci kamar yadda ya yi wasiyya. Korarrun mawaƙa suka jeru a benci cikin baƙaƙen kwat, hannu a cinya. Ninos ne ya danna wayar da yatsansa, don ya ce ba wanda zai cika wa ubansa wannan buri sai shi.

Muryar ta fito. Danho ne sak, kamar ya leƙo daga bayan labule. Ya fara da addu'ar da shugaban mawaƙa kan karanta, sannan ya ɗauki baitin farko, ya ɗan yi shiru na tafiya daga inji zuwa inji, ya amsa. Mata suka fashe da kuka. Ni ma ban tsira ba. Odisho ya rufe fuska da hula.

"Nisane."

Muryar Hazme ce, ta ratsa cocin kamar ana kiran awaki.

"Na'am, Yaya," in ji Nisane ƙasa ƙasa.

"Wannan ɗan Suwidin ɗin a ina kuka samo shi?"

"Wane, Yaya?"

"Mai waƙar. Allah Ya saka masa, an ga ya zauna ya koya. Amma irin muryar jikokin nan ce da ke zuwa mana hutu da bazara. Ji yadda yake tsuke baki kamar mai hura miya. Ji addu'ar, hawa da gangara, hawa da gangara, sai ka ce jaki a hanyar gonar inabi. Ga kakari kamar ƙaya ta maƙale masa. Wa ya ce masa haka ake shaƙe wuya? Mu a gida ba ma wahalar da kanmu haka."

"Yaya, Danho ne."

"Danho yana cikin akwati. Akwatin dai ina ganinsa."

"Muryarsa ce, ya ɗauka kafin ya..."

"Ni na goye Danho, 'yar nan. Na san kukansa, na san muryar ƙaryarsa. Wannan Bature ne." Ta juya wajen bagadi. "Abuna, ƙanena bai bar kowa namu da zai raka shi ba ne, sai an yi haya?"

Lasifika ba ta san abin da ake ciki ba, ta ci gaba. Muka saurara, wannan karon da kunnen Hazme. Sai ga shi. Muryar tana lilo irin na matan da ke sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa. Wasulan sun yi tsawo, leɓe ya turo gaba. In ya gama baiti ya gamsu da kansa, sai ya ja 'yar iska ciki, fit, yadda 'yan Suwidin ke cewa i ba tare da sun buɗe baki ba. Shekara arba'in da ɗoriya a masana'anta, a bas, a layin asibiti, a gaban maƙwabta. Ba wanda ya taɓa ji a cikinmu, domin duk haka muke yi.

Kafaɗun Odisho suka fara rawa a bayan hular. Nisane ta cusa gyale a baki, kuka da dariya suna kokawa a fuskarta. Abin ya bi benci benci har ƙofa.

Abuna Yawsef ya ɗaga hannu. Ya yi shekaru yana jiran wannan rana, amma bai nuna ba.

"Jama'a, mamaci ya yi alkawari a wannan wuri cewa ɗan Suwidin ba zai yi waƙa a kansa ba. Ga wadda ta goye shi ta ba da shaida a kan mai waƙar. Ninos, kashe." Ninos ya kashe. Abuna ya dubi bencin masu baƙaƙen kwat. "Tunda abin ya zama duk ɗaya, gara masu rai. Ku taso."

Suka taso, ba lokacin neman fararen riguna. Suka rabu dama da hagu, kowa ya koma inda yake tsayawa kafin yatsu biyu su same shi. Ninos ya ɗauke lasifikar daga kan teburin, ya ajiye a ƙasa, ya ɗora hannu a kan rigar ubansa, ya ɗauki baitin daga inda aka tsaya. Hagu ta amsa, maza cike da ƙirji. Gilasan tagogi suka yi amo. Na dubi akwatin ina jira a ƙwanƙwasa daga ciki a ce "sake". Ba a ƙwanƙwasa ba. Na yi kuka kamar yaro, ban ji kunya ba.

Hazme ta karkata kai tana saurare har aka kai ƙarshen waƙar. Nisane ta matsa kusa da ita tana share ido.

"Wannan fa, Yaya? Ninos ne, ɗansa."

"Na sani," in ji Hazme, duk coci na ji. "Shi ma ɗan Suwidin ne. Amma shi wannan ya iya waƙa."